Idan Ka Ji Kokawa, Ka Shigo

Shekarun baya, tun ina tuƙa motar ruwa a Riyad, akwai wata bufiya a unguwar Ulaisha da muke taruwa duk Juma'a bayan la'asar. Bufiya ɗan shagon shayi ne da burodi da ƙwai. Ta wani Bayamane ce, gajere, mai yawan faɗa, mai kirki. Ba shayinsa ke kai mu ba, don shayinsa ruwan zafi ne da sukari. Talabijin ke kai mu. Tana rataye sama da firij, kuma a cikinta muke kallon kokawar Turawa, wadda wasu ke kira resilin.

Shirin nan ya girme zamana a ƙasar nan. Waɗanda suka riga mu zuwa sun ce a kaset suka fara ganinsa. Kaset ɗaya zai zaga ɗakuna har hoton ya koma yayyafi. Ni na zo na tarar an koma tauraron ɗan'adam. Wata tashar kyauta ce ke sa shi, da wani Balarabe mai sharhi da ke ihu kamar shi ake murɗe wa wuya. Su can tun farkon mako suka yi wasansu, mu sai Juma'a yake iso mana. Bai dame mu ba. Wanda bai ji an kayar da mutum ba, a wurinsa mutumin yana tsaye.

Mu 'yan Maraɗi da Damagaram kokawa muka buɗe ido muka gani. A gida da jikinka ya taɓa ƙasa an gama da kai, sai ka kakkaɓe wando ka fita. Nan kuwa a ɗaga ƙato a maka shi kan tebur, tebur ya rabe biyu, ya tashi yana gyara gashi. Mun san shiri ne. Duk da haka muna musu har jijiyar wuya ta fito.

Amma talabijin ɗin nan tana da wani aiki na biyu. A lokacin, da yawanmu ba mu da igama, wato takardar zama. Ni ma na yi shekaru a haka. Jawazat, masu duba takardu, sukan shigo unguwar, aikinsu ne. To Bayamanen nan da mu akwai wata ƙa'ida da ba wanda ya zauna ya tsara, haka kawai ta tabbata. Idan titi lafiya yake, zai ƙure sautin kokawa har a jiyo daga kwanar masallaci. Idan akwai motsi, zai mayar da ita labarai ko ƙwallo. Ka iso kwana ka ji ƙararrawa da ihun 'yan kallo, ka shigo. Ka ji wani abu dabam, ka sha ruwa a na'urar sanyi da ke jikin masallaci, ka juya kamar dama ƙishirwa ta kawo ka.

A hankali mafi yawanmu muka gyara takardu. Ƙa'idar ta zama labari. Mutum ɗaya ya rage yana rayuwa da ita, abokina.

Badamagare ne, dogo, ramamme, bakinsa ba linzami. Ya rabu ba daɗi da kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, tun daga nan yake gadin gidajen shaƙatawa can bayan Shifa, yau nan gobe can. Ba ya riƙe waya. Layi sai da igama, kuma ya ce ko kyauta aka ba shi ba ya so, abin da ke faɗa wa mutane inda kake ba abin sawa a aljihu ba ne. Jakarsa tana ɗakinmu a Jaradiya. Duk Juma'a zai zo bufiya, ya kalli kokawa, ya zagi shayin, ya ari wayata ya kira mahaifiyarsa, ya ɓace. Ban san inda yake kwana ba. Ban tambaya ba. Abin da ba ka sani ba, ba mai matsa ka ka faɗa.

Wata shekara shirin ya tashi daga tashar kyauta. Wata tashar kuɗi mai kati ta ɗauke shi, ta kuma mayar da shi Alhamis. Ba wanda ya shawarce mu. Muka je wa Bayamane da maganar ya sayi kati.

Ya ce, "Ni? In sayi kati don ku kwana a kujeruna kan shayi ɗaya? Yalla, ku tafi."

Sai aka gano wani wanzami Bapakistane a Jaradiya yana da katin. Labari ya zaga ta waya, muka koma can kamar awaki sun ga dusa. Na leƙa bufiya na ce wa Bayamane idan dogon nan ya zo, ya turo shi wurin wanzami. Ya ce to. Na ɗauka na gama nawa.

Juma'a ta wuce bai zo ba. Wata ta wuce. Na koma bufiya, Bayamane ya ce ko inuwarsa bai gani ba.

Mahaifiyarsa ta fara kira. Ba ta da waya, ta mai shagon ƙauyensu take ara. Tsohuwa ce mai hawan jini, ta riga ta rasa ɗa ɗaya a hanyar sahara, wanda har yau ba a ga gawarsa ba. Abokina ne ya rage mata.

Ta ce, "Ɗana, ina ɗan'uwan naka?"

Na ce, "Inna, aiki ya kai shi nesa."

"Lafiya dai yake?"

"Ban ji akasin haka ba."

Gaskiya na faɗa mata. Amma gaskiya ce mai ƙarewa.

A ɗakinmu akwai wani dattijo, mutumin Maraɗi, wanda ya fi kowa daɗewa a ƙasar. Baba muke ce masa. Shi ke riƙe da dokar ɗaki: wanda ya ɓace wata guda ba labari, a ɗaure jakarsa, a kira gida a ce ba mu gan shi ba. Dokar tana da dalili. A da an sha yin shiru don kunya, iyali su yi shekaru suna jiran wanda ba zai zo ba. Baba ya sa aka tambaya a tarhil, inda ake ajiye waɗanda za a mayar gida. Ba ya nan. Ya sa wani direban asibiti ya bincika. Ba ya nan.

Ya ce da ni, "Da yana tarhil da na yi murna. Wanda ba ya tarhil, ba ya asibiti, kai ma ka san sauran."

Na ce, "Ban sani ba."

"Akwai mai tafiya gida ranar Asabar. Zai tafi da jakar. Kafin ta isa dole tsohuwar ta ji daga bakinmu."

"Kiran nan zai kashe ta, Baba."

"Shirun fa? Shi raya ta zai yi?"

Ina dai da tabbaci ɗaya a raina: mutumin da ya yi shekaru yana zille wa kamu ba zai ɓace haka kawai kamar allura ba. Amma tabbaci ba hujja ba ne.

Juma'ar da ta biyo na ce bari in je bufiya in zauna har magariba. A ƙafa na tafi. Ina isa kwanar masallaci na jiyo muryar mai sharhin ƙwallo daga shagon. Sai ƙafata ta tsaya. Igama tana aljihuna, sabuwa, da hotona a jiki kamar ɓarawon akuya. Ba abin da nake tsoro. Amma jikina ya riga kaina, na samu kaina a gaban na'urar ruwa da kofi a hannu, ina shirin juyawa.

Nan na gane. Wata guda ke nan talabijin ɗin tana faɗa wa titi cewa akwai hatsari. Mu mun ji ta waya cewa tasha ce ta canja. Shi bai ji komai ba sai abin da talabijin ta faɗa masa. Saƙon da na bar masa yana cikin shago, shi kuma ba zai shiga shagon ba.

Na duba ko'ina, ban gan shi ba. Ko ya riga ya zo ya juya, ko yana wani lungu yana kallona bai yarda da ni ba. Ko ni ne a matsayinsa ba zan yarda ba. Wanda aka kama akan sa shi ya tsaya inda abokansa za su gan shi.

Na koma na faɗa wa Baba.

Ya ce, "Mai hankali zai yi wata guda yana juyawa daga kwana ɗaya?"

Na ce, "Shi ya sa har yau ba a kama shi ba."

"To. Na ɗaga maka zuwa Juma'a mai zuwa. Akwai wani mai tafiya. Idan magariba ta yi bai zo ba, da wayarka zan kira, don lambarka ta sani."

Matsalar ita ce babu tashar da ke sa kokawa ranar Juma'a bayan la'asar kuma. Sai na je kasuwar Bataha wurin wani Babangale mai sayar da faifai a ƙarƙashin tebur. Na ce kokawa nake so, ta wannan makon. Ya rantse min sabuwa ce fil. Ni ba na karatu, hoton bango na duba, na ga ƙatti biyu sun shaƙe juna, na karɓa. Wanzami ya ara min na'urar sa faifai, ya nuna min maɓallai sau da yawa har ya gaji ya ɗaura zare a kan wanda zan danna.

Ranar Juma'a akwai babban wasan ƙwallo, bufiya ta cika tun da aka buɗe bayan salla. Na ajiye na'ura a kan firij.

Bayamane ya ce, "Sadik," wato aboki, "ka haukace? Yau?"

Na ce, "Don dogon nan ne."

"Wanda ke cewa shayina ruwan wanki ne?"

"Shi."

Na yi masa bayani a taƙaice. Ya tsaya da ludayi a hannu. Sai ya dafe goshi, ya zagi kansa da Larabci, ya zagi tashar, ya zagi mai katin. Daga nan ya juya ga masu jiran ƙwallo ya ce talabijin ta lalace, mai son kallo ya tafi gaba. Suka fita suna ƙunƙuni.

Kafin in danna ya riƙe min hannu.

Ya ce, "Idan ka sa wannan, magana ka faɗa wa titi. Ka tabbata gaskiya ce."

Na fita na taka titin daga wannan baki zuwa wancan. Ba komai sai kuliyoyi da wani mai wankin mota. Na dawo na danna mai zaren.

Faifan tsoho ne tukuf. Hoton dishi-dishi, sharhin da Turanci, ba Balarabenmu. 'Yan ɗakinmu da suka zo taya ni zama suka fashe da dariya, wani ya ce an sayar min da kokawar zamanin kakansa. Ban kula ba. Ƙararrawar dai ita ce, ihun 'yan kallo shi ne. Na ƙure sauti. Baba ya iso ya zauna a bakin ƙofa, jakar abokina a ɗaure tsakanin ƙafafunsa, don daga nan zai wuce da ita wurin mai tafiya.

Ba a daɗe ba wata motar sintiri ta tsaya a bakin shagon. Bayamane bai jira kowa ba, ya miƙa hannu ya mayar da talabijin labarai. Jami'ai biyu suka shigo, matasa, yunwa ce ta kawo su. Suka ce a yi musu burodi da ƙwai. Ba su tambayi kowa takarda ba. Ɗayan ya ɗaga kai ya kalli talabijin.

Ya ce, "Ba kokawa nake ji ba yanzu? Mayar mana. Tun ina yaro rabona da irin wannan."

Bayamane ya duƙufa kan ƙwai kamar bai taɓa ganin ƙwai ba. Abin sarrafawa yana hannuna. In na ƙi, zai tambayi dalili. In na mayar da sautinta, da hannuna na kira abokina ya shigo ya tarar da su.

Na mayar da hoton. Sautin kuwa na danne shi har ƙasa kafin ya fito.

Ya ce, "Ina sautin?"

Na ce, "Tsohuwar na'ura ce. Yana zuwa, yana tafiya."

Na ɗan bubbuga ta a gefe don ya ga na yi ƙoƙari. Ya ɗaga kafaɗa. Ya tsaya yana cin burodinsa yana kallon ƙatti suna jifan juna ba sauti, yana nuna wa abokin aikinsa wanda yake so tun yana makaranta. Mutumin kirki ne. Amma ban taɓa ganin mai cin burodi a hankali kamarsa ba. Rana tana ta sauka. Baba ya duba agogo, ya dube ni, na ɗauke kai.

Da suka tafi ban yi gaggawa ba. Na bari motar ta sha kwana, na sake taka titin baki da baki. Sannan na dawo na ƙure sauti har gilashin firij yana rawa.

Ladan ya fara gwada lasifika. Bayamane ya jawo ƙofar ƙarfe rabi, don dole a rufe shago lokacin salla, ya tsaya riƙe da ita. Baba ya miƙo min hannu, wayar yake nufi. Na yi kamar ban gani ba.

Sai ga mutum ya sunkuyo ta ƙarƙashin ƙofar. Abokina ne, ya ƙara ramewa, rigarsa duk ƙasa. Bai yi sallama ba. Ya tsaya yana kallon talabijin.

Ya ce, "Wannan mai gashin ai ya daɗe da yin sanƙo. Wane ɗan Maraɗin aka cuta?"

Na ce, "Ni."

"Na sani. Ina kuka shiga?"

"Tasha ce ta canja."

"Tasha?"

"Ta koma Alhamis. Da kati."

Ya zauna a hankali. Ya ce duk Juma'a yana zuwa, ya tsaya a kwana, ya ji ƙwallo, ya sha ruwa ya koma. Har ya ɗauka jawazat sun kama haya a Ulaisha, mu kuma an kwashe mu gaba ɗaya. Ranar da na tsaya a wurin ruwa yana bayan wata mota yana kallona, ya ga na juya kamar mai tsoro, sai ya ƙara tabbata. Yau kuma ya ji ƙararrawa, ya taho har ya kusa, sauti ya ɗauke, ya koma da baya.

Ya ce, "Na ce in aka kira salla sautin bai dawo ba, na bar zuwa unguwar nan har abada."

Sai idonsa ya sauka kan jakar da ke ƙafar Baba. Ya san igiyar, ya san ma'anarta.

"Wa ya ɗaure min jaka?"

Baba ya ce, "Ni."

"An kira?"

"Da saura kaɗan. Wannan mai taurin kan ne ya hana."

Abokina ya jawo jakar. Ya sunkuya ya kwance igiyar da kansa, ya naɗe ta ya miƙa wa Baba. Sannan ya miƙo min hannu na ba shi waya. Ya fita gefen titi. Ina jin muryar tsohuwar daga inda nake, tana yi masa faɗa, wai ya samu duniya ya manta da uwa. Shi kuma yana cewa, "Aiki ne, Inna. Aiki ne ya yi yawa." Bayamane ya ajiye masa shayi a kan dakali, ya ja ƙofa ya rufe, muka wuce masallaci.

Daga ranar muka koma faɗa masa komai baki da baki, aka kuma samu wani mai gyaran taya a Shifa da ake bar masa saƙo. Da aka yi afuwa ga marasa takarda ya je ya miƙa kansa, ya tafi gida da ƙafarsa. Yanzu yana sayar da hatsi.

Shirin kuwa ya sake tashi daga waccan tashar, ya je wata, daga baya ya shige waya. Yau samarin ɗakinmu kowa na kallon nasa a kwance da abin kunne. Ba na ce musu komai. Zamaninsu ne. Bufiyar ma ta zama shagon sayar da turare.

Abin da na ɗauka bai da yawa. Da muka tashi daga wurin nan, kowa ya duba ya ga abokansa sun ji labari, ya ɗauka kowa ya ji. Ba wanda ya tambaya wa ne ne ba shi da hanyar ji. Ni da nake abokinsa ma na bar masa saƙo a inda ba zai iya shiga ba, na tafi ina ganin na yi ƙoƙari. Tun daga nan, duk abin da aka canja, ko lokacin mota ne ko wurin salla, nakan tambaya wa aka bari a kan tsohon. Sun ce na cika naci. Su ce.

Tsohuwar ta ƙara shekaru bayan ya koma. A hannunsa ta rasu. Da na kira yi masa gaisuwa na tambaye shi ko ya taɓa ba ta labarin watan nan. Ya ce a'a. Har ta koma ga Allah ba ta san an taɓa ɗaure jakarsa ba.